Shari'a, Alheri da Bencin Baya

Kalmomi biyu ne suke riƙe da wata tsohuwar gardama a cikin addinin Kirista, kuma kowane Bahaushe ya san su tun kafin ya san da gardamar: Shari'a da alheri. Waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, ba su ƙago sababbin kalmomi ba. Da suka zo kan dokokin da Annabi Musa ya kawo wa Isra'ilawa, sai suka ce Shari'a. Da suka zo kan kyautar da Allah yake yi wa bawa ba don bawan ya cancanta ba, sai suka ce alheri. Saboda haka mai sujadar da ya buɗe wasiƙun Manzo Bulus zuwa ga Romawa ko Galatiyawa, ranar Lahadi a Kawo ko Unguwar Rimi, zai tarar da kalmomin nan biyu suna fuskantar juna babi bayan babi.

A wani garin wannan zai tsaya a matsayin batun fassara. A Kaduna ya wuce haka. Bayan da Jihar Zamfara ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci a Gusau ranar 27 ga Oktoba, 1999, muhawarar ta iso Kaduna, kuma ranar 21 ga Fabrairu, 2000 ta rikiɗe ta zama zubar da jini, aka kuma sake a watan Mayu. Mutane fiye da dubu ɗaya, Musulmi da Kirista, suka rasa rayukansu. Rikicin gasar sarauniyar kyau ta duniya na Nuwamba 2002 ya ƙarasa abin da na farko ya fara: Musulmi da yawa suka baro kudancin kogi, Kiristoci da yawa suka baro Tudun Wada da Rigasa da Kawo suka koma Sabon Tasha da Narayi da Television. Kogin da garin ya ari sunansa ya zama iyaka.

Sai dai gini ba ya ƙaura. Babban cocin Katolika na St. Joseph da na Angilikan na St. Michael suna nan a tsakiyar gari, arewa da kogi. Hedikwatar HEKAN, wato Haɗaɗɗiyar Ekklesiyar Kristi a Nijeriya, tana kan titin Katsina. Akwai ƙananan majami'u a Malali da Badarawa da Unguwar Rimi da barikokin soja da na 'yan sanda. Da yawa daga cikin masu cika su ranar Lahadi gada suke tsallakowa da sassafe, su yi sujada a unguwar da aka haife su, su koma kafin la'asar. A cikin waɗannan majami'u ne tsohuwar gardamar nan take da rai, domin a nan ne take yanke hukuncin wa zai zauna gaba, wa zai zauna baya.

Ya kamata a share wani ruɗani tun da wuri. Shari'ar da Bulus yake magana a kanta ta Musa ce, wadda ke cikin Attaura, kuma ya rubuta wasiƙunsa kusan shekara 600 kafin zuwan Musulunci. Mai wa'azin da ya ɗauki ayar Bulus ya jefi maƙwabcinsa Musulmi da ita, ya karkatar da nassin daga inda aka nufa, domin Bulus da 'yan'uwansa masu bi yake jayayya. Sabuwar fassarar Hausa da ake kira Sabon Rai Don Kowa ta fi amfani da kalmar "doka" a waɗannan wurare, abin da ke rage wannan ruɗani.

Asalin gardamar

Mabiyan Yesu Almasihu na farko Yahudawa ne, masu kaciya, masu kiyaye ranar Asabar, masu bambanta halal da haram a cikin abinci. Da waɗanda ba Yahudawa ba suka fara shigowa a Antakiya da garuruwan da ke cikin Turkiyya ta yau, sai tambaya ta taso: dole ne sai sun yi kaciya sun ɗauki Shari'ar Musa kafin a lissafa su cikin masu bi? Babi na 15 na littafin Ayyukan Manzanni ya ba da labarin taron da aka yi a Urushalima a kan wannan, wajen shekara ta 49 miladiyya. An sauke musu nauyin kaciya, amma an ce su guji abin da aka yanka wa gumaka, da jini, da naman dabbar da aka maƙure, da fasikanci. Wato taron da ya sauke kaya, shi ne kuma ya ɗaura wani ƙunshi ƙarami. Tun daga ranar, ikilisiya ba ta taɓa rayuwa babu ƙa'ida ba, ba ta kuma daina gardama a kan matsayin ƙa'idar ba.

Wasiƙar Galatiyawa ta adana wani abin da ya faru a Antakiya. Manzo Bitrus yana cin abinci da waɗanda ba Yahudawa ba, sai wasu baƙi suka zo daga Urushalima, ya janye jikinsa don tsoron abin da za su ce. Bulus ya tsawata masa a gaban jama'a. Abin lura shi ne, babban saɓani na farko tsakanin manzanni a kan wurin zama ne da akushi: wa ya isa a ci tare da shi. Hujjar Bulus kuwa ita ce, in da kiyaye doka zai iya kuɓutar da mutum, da mutuwar Almasihu ba ta da wani amfani. Duk da haka shi ne kuma ya yi watsi da masu cewa tun da alheri ya yawaita, sai a ci gaba da zunubi. Wasiƙar Yakubu ta ƙara da kwatanta bangaskiyar da ba ta tufatar da matsiraici ko ciyar da mayunwaci da jikin da rai ya rabu da shi.

A Afirka aka fi tafka wannan muhawara a ƙarnonin farko. Agustin, bishop ɗin Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yau, ya yi shekaru yana ja da wani malami mai suna Felajiyus, wanda ya koyar da cewa ɗan Adam yana da ikon cika umarnin Allah da ƙoƙarin kansa. Taron bishop-bishop a Kartaj, a Tunisiya ta yau, ya yi tir da koyarwar Felajiyus a shekara ta 418. A 1517 Martin Luther ya sake tayar da batun a Jamus, lokacin da ake sayar da takardun sassaucin azaba da kuɗi, Katolika kuma suka ba da amsarsu a taron Trent a 1547. Sai ranar 31 ga Oktoba, 1999, kwana huɗu bayan bikin Gusau, wakilan Katolika da na Lutheran suka sa hannu a birnin Augsburg a kan matsaya guda: alheri ne yake sa Allah ya karɓi mutum, kyawawan ayyuka kuma 'ya'yan wannan karɓa ne, ba farashinta ba.

Musulmin da ya yi karatun tauhidi ba baƙo ba ne a wannan fage. Akwai hadisi a Bukhari da Muslim mai nuna cewa aikin mutum kaɗai ba ya shigar da shi Aljanna sai da rahamar Allah. Akwai kuma tsohon saɓanin Khawarijawa, waɗanda suka fitar da mai babban zunubi daga imani, da Murji'awa, waɗanda suka raba imani da aiki har wasunsu suka ce zunubi ba ya cutar da shi. Inda Kirista ya bambanta shi ne ya ɗaure alherin da gicciye: a wurinsa an riga an biya bashin, abin da ya rage shi ne yadda wanda aka biya wa zai rayu.

Yadda ƙa'idodin suka iso Arewa

'Yan mishan da suka shigo ƙasar nan, akasarinsu 'yan Furotesta ne masu wa'azin ceto ta wurin alheri. Mutanen SIM na farko, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, sun sauka Legas a 1893. Daga aikin wannan mishan ECWA ta fito a 1954. Dokta Walter Miller na CMS ya zauna a birnin Zariya tun 1905, kafin a mayar da mishan ɗin Wusasa. Da yake Turawan mulki sun taƙaita wa'azi a cikin masarautun Musulmi, yawancin aikin ya tafi wajen Maguzawa da ƙabilun kudancin Zazzau da Filato da Adamawa, kuma Hausa ce ta zama harshen sujadarsu. Da Kaduna ta zama hedikwatar Arewa a 1917, 'ya'yan waɗannan majami'u suka riƙa shigowa aikin reluwe da soja da ofis, suka zo da Littafin Waƙoƙinsu da ƙa'idodinsu.

Matsalar ɗan mishan mai sauƙin fahimta ce. Yana wa'azin abin da ke faruwa a zuciya, amma ba ya ganin zuciya. Kafin ya yi wa mutum baftisma yana bukatar alama. Sai alamun suka zama jeri: a bar burkutu, a ƙone kayan tsafi da layu, a daina bori, a daina noma ranar Lahadi, a koyi karatu, a zauna da mace ɗaya. Kowace ƙa'ida tana da dalilinta a lokacin da aka kafa ta. Amma abin da aka kafa don ya zama shaida, da tafiya ta yi nisa sai ya zama ƙofa, mai gadi kuma ya tsaya a bakinta.

Babu ƙa'idar da ta fi ta aure ciwo. Taron bishop-bishop na Angilikan a Lambeth, a 1888, ya yanke cewa mai mata fiye da ɗaya ba za a yi masa baftisma ba, sai dai ya zauna a matsayin mai koyo har ya daidaita gidansa. A Legas wannan batu yana cikin abubuwan da suka haifar da majami'un 'yan ƙasa masu cin gashin kansu, har wasu suka ɓalle daga Methodist a 1917. Sai bayan shekara 100 cif, a Lambeth na 1988, aka sassauta bisa roƙon bishop-bishop na Gabashin Afirka: mai mata da yawa da ya ba da gaskiya ana iya yi masa baftisma tare da matansa da 'ya'yansa masu bi, muddin ya yi alkawarin ba zai ƙara aure ba, jama'ar wurin kuma sun yarda, kuma ba za a tilasta masa sakin kowace ba saboda halin da za ta shiga. Majami'u da dama a Arewa, waɗanda wannan taro bai shafe su ba, sun ci gaba da tsohuwar ƙa'ida.

Dattijon da ke fita gindin bishiya

A wata majami'ar Hausa da ke arewacin kogi an yi wani dattijo, ɗan asalin wani ƙauyen Maguzawa, wanda ya shigo Kaduna yana saurayi ya kama aikin direba a wata ma'aikatar gwamnati. Yana da mata biyu kafin ya ji wa'azi. Da ya nemi baftisma, dattawan ikilisiya suka gaya masa ƙa'ida: ya riƙe uwargida, ya sallami amarya. Amaryar nan marainiya ce, ta haifa masa 'ya'ya huɗu, ba ta da gidan da za ta koma. Ya yi kwanaki yana juya maganar, sannan ya koma ya ce wa fasto: "Baba, ita ba ta yi mini laifi ba, ba ta yi wa Allah laifi ba. In sai na jefar da ita titi zan shiga ruwan nan, to zan jira."

Ya jira fiye da shekara 30. A cikin shekarun nan motarsa ce take ɗauko yashi da bulo lokacin da ake faɗaɗa ginin majami'a. An yi wa uwargidansa baftisma, an yi wa 'ya'yansa, ɗaya daga cikinsu har ya zama dattijon ikilisiya, yana zama a gaba yana raba gurasa. Shi kuwa mazauninsa bencin baya ne, kusa da ƙofa, kuma duk ranar da za a ci Jibin Ubangiji, da an fara waƙar shiri sai ya ɗauki hularsa ya fita gindin dalbejiya, amaryarsa ta bi bayansa, su zauna har a gama. Bayan rikicin 2000 ya koma kudancin kogi da iyalinsa, amma bai canza majami'a ba. Yana cikin masu tsallako gada.

Wata jikarsa, da ta fara wayo, ta taɓa tambayarsa ko shi ba Kirista ba ne. Ya ce mata: "Ke dai shiga ki ci, uwata. Mai abincin ya san ina waje."

Da uwargida ta rasu, sai lissafi ya daidaita: yanzu mace ɗaya gare shi. Ba a yi wata shida ba aka ɗaura musu aure a majami'a, aka yi musu baftisma shi da amaryar da ta riga ta yi furfura. An yi murna, Zumuntar Mata sun buga tulu sun yi waƙa. Amma akwai waɗanda suka koma gida da tambaya a ransu. Mutumin nan bai ƙara bangaskiya ba a ranar da aka binne matarsa, bai kuma rage wani zunubi ba. Abin da ya canza adadi ne kawai. Ƙofar da aka ce alheri ne yake buɗe ta, mutuwa ce ta buɗe masa.

Dattawan da suka hana shi ba azzalumai ba ne. Tsoronsu shi ne in aka buɗe wa wanda ya shigo da mata biyu, gobe wanda aka haifa a cikin ikilisiya zai ƙara aure ya ce a yi masa irin wannan sassauci, kuma matan da suka yi aure bisa alkawarin ba kishiya su ne za su biya. Wannan tsoro yana da tushe. Tambayar ita ce ko an rasa hanyar kare alkawarin matan nan sai ta hana wani tsoho gurasa, alhali Lambeth na 1988 ya nuna ana iya raba shari'ar wanda ya shigo da ta wanda ya karya alkawari.

Idon maƙwabci

Akwai dalilin da ya sa ƙa'ida ta fi tsauri a majami'ar da ke zaune tsakiyar Musulmi. Kiristan da Hausa ce harshensa ya daɗe yana ɗauke da wani zargi: cewa addininsa na giya ne da sakin jiki, cewa shi arne ne da ya canza riga. Amsar da iyaye suka bayar ita ce su fi kowa kamun kai. Shi ya sa a sujadar Hausa mace ba ta shiga babu ɗankwali, a wurare da yawa maza suna gefe mata suna gefe, wanda aka gani a mashaya kuma zai amsa tambaya gaban dattawa. Hausawa sun ce mutunci madara ne, in ya zube ba ya kwasuwa, kuma 'yan tsiraru sun san cewa kuskuren mutum ɗaya da sunan jama'a duka ake rubuta shi.

Ba daidai ba ne a raina amfanin wannan. Hana giya ya tsare albashin magidanta da yawa har ya kai 'ya'yansu makaranta. Ƙa'idar aure ta ba mata wurin kai ƙara. Al'ummar da aka kora daga gidajenta sau biyu cikin shekara uku tana bukatar abin da zai riƙe ta, kuma tsari yana cikin abin da ya riƙe ta.

Illar tana fitowa ne a wajen horo. A majami'u da yawa, wanda aka kama da babban laifi ana sanar da shi gaban jama'a, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji da ƙungiyar mawaƙa da kowane muƙami, a mayar da shi bencin baya na wasu watanni. Manufar a rubuce ita ce gyara, kuma gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Amma duk wanda ya daɗe yana kallon bencin nan ya san su wa suka fi zama a kansa: 'yan matan da ciki ya tona. Wanda ya yi cikin sau da yawa yana wata unguwa ko wata majami'a. Jami'in da ya karkatar da kuɗin fanshon tsofaffi, ko mai gidan hayar da ya watsar da kayan gwauruwa waje, babu abin da ke fitowa a jikinsa, don haka yana gaba, wani lokaci ma shi ne shugaban kwamitin gini. Dokar da ta dogara da ido, laifin da ido ke gani kaɗai take kamawa. Labarin da ke cikin babi na 8 na Bisharar Yahaya, na matar da aka kawo gaban Yesu don a jefe ta, ya riga ya nuna wannan: laifin na mutum biyu ne, amma mutum ɗaya aka kawo. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Alherin da ake rubutawa a littafi

Ita ma kalmar alheri tana da nata tarkon. A rayuwar Bahaushe alheri yana da ƙwaƙwalwa. Matar da ta kai gudummawa gidan biki ta san an rubuta, kuma ranar nata bikin za a mayar mata har da ƙari. Ana cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Wannan kyakkyawan tsari ne na zaman tare, amma ba shi ne abin da Bulus da Agustin suke nufi ba. Alherin da suke nufi yana fitowa daga wanda ba ya bukatar komai, zuwa ga wanda ba zai taɓa iya ramawa ba.

Idan aka manta da wannan bambanci, sai sabuwar doka ta shigo da rigar alheri. Misali mafi bayyana shi ne zakka, wadda a wurin Kirista kashi ɗaya ce cikin goma na abin da mutum ya samu. A wasu majami'un zamani, waɗanda ba ruwansu da ɗankwali ko wando, an mayar da ita sharaɗin albarka: ka bayar a buɗe maka, ka hana a rufe. Mara lafiya da wanda ya rasa aiki sai su koma binciken wane wata ne suka yi gibi. Wannan adashi ne da Allah, kuma ya fi tsohuwar ƙa'ida nauyi a kan talaka, domin tsohuwar ba ta tambayar albashi. Ba ƙaramin abu ba ne da Fasto Enoch Adeboye, shugaban cocin Redeemed, ya fito a watan Oktoba na 2024 ya nemi gafara a kan maganar da ya taɓa yi cewa wanda ba ya ba da zakka ba zai shiga sama ba, ya kuma amsa cewa Littafi Mai Tsarki bai faɗi haka ba.

Gafara mai tsada

Akwai haɗari a ɗaya gefen ma. Dietrich Bonhoeffer, malamin tauhidi Bajamushe da gwamnatin Hitler ta rataye a 1945, ya yi kashedi a 1937 game da abin da ya kira alheri mai arha: gafarar da ake rabawa ba tare da tuba ba, wadda ke wanke zunubi ta bar mai zunubin yadda yake. Mutanen Kaduna sun san irin wannan a wajen majami'a. Bayan kowane rikici ana kafa kwamiti, a yi kira a yafe wa juna, a rufe fayil, wanda ya kashe ya ci gaba da wucewa ta ƙofar gidan wanda aka kashe wa. Iyalan waɗanda suka mutu a harin ƙunar baƙin wake na cocin St. Rita da ke Malali, ranar 28 ga Oktoba, 2012, addininsu ya umarce su da gafara, amma bai ce hukuma ta ajiye aikinta ba. Gafarar da mutum ya bayar daga zuciyarsa daban, hukuncin da alƙali zai yanke daban.

Garin yana da misalin gafara mai tsada. Fasto James Wuye ya rasa hannunsa na dama a rikicin da ya biyo bayan na Zangon Kataf a 1992. Imam Muhammad Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa biyu a wannan rikici, kuma kowannensu yana jagorantar matasa a ɓangarensa. Sun haɗu a 1995, suka ɗauki shekaru kafin aminci ya zauna, suka kafa cibiyar sasanci a Kaduna, suka kuma taimaka aka sa hannu a kan yarjejeniyar zaman lafiya ta shugabannin addini a watan Agusta na 2002. Wata uku bayan haka gari ya sake kamawa da wuta, su kuwa ba su watse ba. Babu dokar da ta tilasta musu wannan, kuma babu wanda zai ce ya zo musu da arha.

A nan ne za a ga yadda koyarwar Kirista ta jera abubuwan biyu. Karɓa ce take fara zuwa, gyaran hali ya biyo baya, kuma gyaran da ya biyo bayan karɓa yakan fi wanda doka ta nema zurfi: doka ta ce kada ka rama, alheri ya sa mutum ya yi shekara talatin yana aiki da wanda ya so halaka shi. Idan aka juya jerin, aka ce sai ka gyaru za a karɓe ka, abin da ake samu shi ne jama'ar da ta ƙware wajen ɓoyewa.

Saboda haka majami'ar da ke son sanin inda ta tsaya ba sai ta soke ƙa'idodinta ba. Ya ishe ta ta duba littafin horonta na shekara goma, ta ga mata nawa ne maza nawa ne, masu hali nawa ne talakawa nawa ne, mutum nawa aka dakatar, nawa kuma suka dawo. Ta tambayi kanta ko wani dattijo ya taka zuwa gidan yarinyar da aka mayar baya a cikin watannin horonta, ko an bar ta da kunyarta da jaririnta. A majami'un da suka riƙe manufar horo, ranar dawowa tana da nata tsari: fasto ya kira sunan da murya ɗaya da wadda ya sanar da laifin, mutumin ya taso daga baya ya ratsa tsakiyar jama'a, dattawa su miƙa masa hannu, Zumuntar Mata su ta da waƙa, a ba shi gurasa da ƙoƙo tare da kowa, daga ranar kuma wanda ya sake tayar da maganar shi ne zai amsa tambaya. Inda ake yin haka, bencin baya wurin jira ne na ɗan lokaci. Inda aka daina, da wuya a ga wanda ya zauna a kansa ya sake tsallako gada.